Ƙari ne ko tsohuwar karaya? Yadda hannun da bai ɗoru ba yake ruɗar hoto

Ni aikina ɗaukar hoton ƙashi ne, na daɗe ina juya hannayen mutane a kan tebur ina cewa kar ka motsa, kuma akwai wani abu da yake yawan zuwa ɗakinmu da yake damuna sosai, shi ne mutum ya shigo da ƙullutu mai tauri a dantse ko a sangalin hannu, an riga an ce masa ƙari ne, wato wani tsiro a ƙashi, gida duk hankali ya tashi, amma da an bi diddigi sai a tarar tsohuwar karaya ce da ba ta ɗoru ba. Wani lokacin kuma akasin haka ne, kuma wannan ɗin shi ya fi ban tsoro.

Wata rana wani dattijo ya kawo ɗansa, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ɗan acaɓa ne, da takarda daga wani ƙaramin asibiti an rubuta ana zargin ƙari a ƙashin dantse, da hoto ƙwaya ɗaya tak a cikin leda. Tun kafin yaron ya cire riga uban ya matso kusa da ni ya sassauta murya ya ce, "Malam don Allah ka gaya min gaskiya, yanke hannun za a yi?" Na ce Baba ni hoto nake ɗauka, likita ne zai yi bayani, amma ka kwantar da hankalinka tukuna. To da na kama gwiwar hannun zan daidaita shi a kan faranti sai na ji dantsen ya ɗan lanƙwashe a tsakiya, wurin da babu gaɓa ko kaɗan, yaron kuma ko yamutsa fuska bai yi ba. Na ce samari ka taɓa faɗuwa a kan hannun nan? Sai ya kalli babansa. Baban ya ce ai wannan tsohon zance ne, tun daminar bara ya faɗi da mashin, an kai shi ɗori kuma ya warke. Wata goma sha huɗu kenan, kuma a wancan asibitin babu wanda ya tambaye su, su ma ba su faɗa ba.

Don a gane yadda wannan ruɗanin yake faruwa sai an san yadda ƙashi yake ɗinke kansa. Idan ya karye jini ne yake fara taruwa a wurin ya daskare, cikin sati biyu zuwa uku jiki ya saƙa wani abu mai taushi mai kama da guringuntsi ya naɗe bakin karayar, daga nan a hankali wannan abin ya riƙa komawa ƙashi, shi ya sa duk wanda ya taɓa karyewa zai ji wani tudu a wurin, daga baya cikin watanni ko ma shekaru jiki ya goge tudun ya daidaita shi. Wannan aikin yana son abu biyu da ba a sasanci a kansu, jini ya riƙa isa wurin, sannan bakin ƙashin biyu su zauna kusa da juna ba tare da yawan motsi ba. Idan ɗaya ya ɓace sai aikin ya tsaya a hanya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka tana ɗaukar karaya a matsayin wadda ta ƙi haɗewa idan ta kai wata 9 kuma wata 3 a jere ba a ga wani ci gaba a hoto ba, duk da dai likitocin ƙashi da yawa ba sa jira har lokacin, daga wata 6 sun fara shirin abin yi.

A 1976 wasu likitocin ƙashi biyu, Weber da Cech, suka rarraba irin wannan karayar gwargwadon yadda bakin ƙashin yake a hoto, kuma sunayen da suka ba su ko a ƙauye za a gane, akwai ƙafar giwa akwai kofaton doki, wanda shi ma irinta ne sai dai bai kai ta girma ba. Ƙafar giwa ita ce wadda jini yana zuwa sosai, jiki yana ta zuba sabon ƙashi yana ta zubawa amma motsi ya hana gadar haɗewa, sai bakin ƙashin kowane ɓangare ya baje ya yi faɗi ya yi ƙaton dunƙule. To wannan dunƙulen shi ne mutum zai shafa ya ji kamar dutse a ƙarƙashin fata, kuma idan aka ɗauki hoto ta fuska ɗaya kawai, ɓangarorin biyu suka hau kan juna suka rufe layin karayar, abin da za a gani kumburin ƙashi ne kawai mai farin gajimare, sai a ce ƙari. Abin da ya faru da ɗan acaɓan nan kenan, da na juya shi na ɗauko ta gefe sai ga baƙin layi ya ratsa ƙashin daga wannan bango zuwa wancan.

Wani nau'in daban kuma shi ne wanda jini ya yi ƙaranci, bakin ƙashin ya tsotse ya zama siriri kamar an fere fensir, tsakaninsu rami ne cike da nama mai tauri, wani lokacin ma jiki ya gaji ya yi wa wurin jaka mai ruwa kamar ta gaɓa ta gaskiya, ramin ɓargo ya toshe, gefen ya yi santsi da farin layi. A hoto sai ka ga baƙin rami mai tsabtataccen baki a cikin ƙashi, wanda kusan haka wasu ƙari marasa illa suke fitowa, masu jakar ruwa ko masu guringuntsi. In kuma ƙwayar cuta ta shiga wurin, musamman in tun farko ƙashin ya huda fata, za a ga rami da mataccen guntun ƙashi a ciki da kauri a kewaye, nan ma wani ruɗanin ne.

Amma kama da wane ba ta wane. Ƙari na ƙashi yana da unguwarsa kuma yana da shekarun da yake so, wannan ne abu na farko da likita yake dubawa tun kafin ya shiga batun siffa. Wanda ya fi yawa cikin marasa illa shi ne ostiyokondiroma, wani ƙaho ne da yake tsirowa kusa da ƙarshen dogon ƙashi lokacin da yaro yake girma, yana da hular guringuntsi a kai, yawanci yana nuna nesa da gaɓa, kuma babbar shaidarsa ita ce bangonsa da ɓargonsa a haɗe suke da na uwar ƙashin, kamar reshe da gindin bishiya, babu wani layi da ya raba su. Jakar ruwa ta ƙashi cutar yara ce, ta fi kama maza, kuma gidanta saman dantse kusa da kafaɗa, sai kuma saman cinya. Enkondiroma ya fi son ƙananan ƙasusuwan tafin hannu da yatsu, yana kuma zama a saman dantse, cikinsa ana ganin ɗigo-ɗigon fari kamar gugguru. Ƙari mai manyan ƙwayoyin halitta kuwa sai bayan girma ya tsaya, 'yan shekara 20 zuwa 40, yana zama dab da gaɓa, kuma bayan kewayen gwiwar ƙafa, wuyan hannu ne wurinsa na gaba. To in aka ga dunƙule a tsakiyar dantsen mutum ɗan shekara ashirin da wani abu, ƙashin ya ɗan karkace ko ya gajarta, ga layi ya ratsa bango biyu, ai tun daga nan lissafin ƙari ya fara rushewa, don ƙari mara illa ba ya raba ƙashi gida biyu ya karkatar da shi sai dai in ya karye ta wurin.

Kuma yana karyewa ta wurin ɗin, nan ne maganar ta ƙara cakuɗewa. Akwai wani yaro ɗan firamare da aka kawo mana, jifa kawai ya yi da dutse a wajen wasa ya ji ƙas a kafaɗa, mahaifiyarsa tana ta rantsuwa wallahi bai faɗi ba, kuma gaskiya ta faɗa. A hoto saman dantsen ya zama kamar ɓawon ƙwai, ga wani ɗan guntun ƙashi ya ɓalle ya nutse ya kwanta a ƙasan ramin, wanda shi ne yake nuna cikin ramin ruwa ne ba nama ba, don da nama ne guntun ba zai sami hanyar faɗawa ba. Wannan jakar ruwa ce da ta daɗe a wurin babu wanda ya sani. Da ɗori aka kai shi aka dawo bayan wata takwas, sabon ƙashi ya lulluɓe wurin, da wanda zai karanta hoton sai ya yi da gaske kafin ya raba wanne ya riga wanne, ramin ne ya jawo karayar ko karayar ce ta bar ramin. Don akwai ma yaran da bayan ƙaramar karaya a wuyan hannu ake ganin wani ɗan rami a ƙashin bayan 'yan watanni, kitsen ɓargo ne ya maƙale a ƙarƙashin fatar ƙashi, ba ya buƙatar komai da kansa yake ɓacewa.

Shi ya sa tambayar yaya aka yi ya karye take da nauyi sosai. Faɗuwa daga mashin, ko daga kan bishiyar mangwaro, ko mutum ya tare sanda da hannu sangali ya tsage, duk wannan ƙarfi ne da ya isa ya karya lafiyayyen ƙashi. Amma dattijuwa ta ɗaga bokitin ruwa dantse ya karye, ko mutum ya daɗe yana jin ciwo a wurin musamman da dare tun kafin karayar, to wannan ba a yi masa kallon karaya kawai ko da an yi wata nawa, don kansar nono da ta huhu da ta ƙoda da ta furostet ta mafitsarar maza da ta tayirod ta maƙogwaro duk suna tafiya ƙashi, akwai kuma kansar ɓargo ta manya, kuma dantse na cikin wuraren da suke sauka. Irin wannan in an ce ai ɗori ne bai kama ba a sake ɗaurewa, lokaci ne mai tsada ake ƙonawa.

A wajenmu akwai ƙarin abubuwan da dole a sa a lissafi waɗanda littafin da aka rubuta a Turai ba zai sa su a gaba ba. Sikila na ɗaya, don Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, kuma mai sikila ƙashinsa yana samun wuraren da jini ya yanke suka mutu, waɗanda a hoto suna iya kama da enkondiroma, ga kuma saurin kamuwa da ciwon ƙashi mai mugunya. Tarin fuka ma yana cin ƙashi ya yi rami. Sai kuma tausa. Idan aka bugu a gwiwar hannu ko aka yi targaɗe aka riƙa murza wurin da ƙarfi kullum ana miƙe shi dole, tsokar gaban dantse tana iya yin ƙashi a cikinta, wani dunƙule mai tauri da yake hana hannu lanƙwasuwa. Wannan abin in ya nuna, wajen sati shida zuwa takwas, yana da tsari, bayansa ne yake fara zama ƙashi mai ƙwari cikinsa yana da taushi, kamar ƙwai da ɓawonsa, ita kuwa kansar ƙashi tsakiyarta ce ta fi tauri gefenta a watse. Amma a satuttukan farko kafin tsarin ya fito, wallahi ko ƙwararre yana iya ruɗewa.

Gwiwar hannun yara ita ma duniya ce guda. Wurare shida ne suke zama ƙashi ɗaya bayan ɗaya tun daga wajen shekara 1 har zuwa wajen 11 ko 12, sauran duk guringuntsi ne da hoto ba ya nunawa, don haka ƙaramin guntu da ya ɓalle ta gefen waje yana iya wucewa ba a lura ba, ya ƙi haɗewa saboda ruwan gaɓa yana wanke shi tsoka kuma tana jansa, bayan shekaru ya zama wani mulmulallen ƙashi a gefen gwiwa, hannun ya karkace waje, har wata rana ƙaramin yatsa da na kusa da shi su fara mutuwa saboda jijiya ta miƙe. Akwai kuma karayar da wani likitan Milan mai suna Monteggia ya bayyana tun 1814, ɗaya daga ƙasusuwan sangalin hannu biyu ya karye ɗayan kuma kansa ya goce daga gwiwar hannu, a ɗora karayar a manta da gocewar, daga baya iyaye su ji ƙullutu a gwiwar yaro su ce wani abu ne ya tsiro. A irin wannan sau da yawa abin da yake warware gardama mai sauƙi ne, a ɗauki hoton ɗaya hannun mai lafiya a jera su.

To ya ake bi a rarrabe? Hoto ta fuska biyu aƙalla, gaba da gefe, kuma ya haɗa da gaɓar sama da ta ƙasa, wannan ba alfarma ba ce ƙa'ida ce, kuma ina roƙon 'yan uwana masu wannan sana'a kar a bar mutum ya tafi da fuska ɗaya don a rage masa kuɗi, ragin nan shi yake jawo asarar da ta fi shi. Sai likita ya taɓa da hannunsa, akwai motsi a inda bai kamata ba, akwai zafi, akwai wata 'yar ƙofa da take fitar da ruwa, wuyan hannu yana ɗaguwa ko ya saki, don jijiyar da take ɗaga shi a manne take da bayan ƙashin dantse. Idan hoton bai fayyace ba sai siti sikan, shi ne yake ɗaukar hoton ƙashin fala-fala ya nuna ko akwai gada ko babu, ya nuna ko ramin ɓargo ya toshe. Na'urar maganaɗisu, em-ar-ai, ita ce gwanar nuna abin da yake cikin ramin, ruwa ne ko kitse ko guringuntsi ko nama, da kuma ko wani abu ya fasa bango ya fito cikin tsoka, sai dai ita ma tana da nata ruɗin, don sabuwar karaya tana haska kewayenta da kumburi har abin ya yi kama da mugun abu. Gwajin jini kuma yana taimakawa wajen gano ƙwayar cuta a ɓoye, da suga, da ƙarancin bitamin D, da matsalar sinadarin kalsiyam, kuma za a tambayi mutum ko yana shan sigari don tana cikin manyan abubuwan da suke hana ƙashi haɗewa.

Yankar samfur, wato ɗan guntun ƙashi ko nama daga wurin, a kai ɗakin gwaji shi ne na ƙarshe, kuma nan ne nake so a fi kula. Mutane suna ɗauka da an yanko an duba a madubin likita shi kenan magana ta ƙare, alhali sabon ƙashin da jiki yake yi a bakin karaya cike yake da ƙwayoyin halitta masu saurin rabuwa da guringuntsi da ɗanyen ƙashi, wanda in mai dubawa bai san an taɓa karyewa a wurin ba zai iya karanta shi a matsayin kansa. Sauri ya haifi nawa kenan. Wani likitan ƙashi na Boston, Henry Mankin, shi da abokan aikinsa sun bi bayanan majinyata 329 a 1982 suka tarar an yi babban kuskure a sakamakon samfur a kashi 18 cikin ɗari, har wasu sun rasa gaɓa ba dole ba, kuma matsalar ta ninka a inda aka yanki samfurin a asibitin farko maimakon cibiyar da za ta yi aikin. Da suka maimaita a 1996 da mutum 597 kusan adadin bai sauya ba. Wannan fa a ƙasashen da suke da kayan aiki kenan. Saboda haka in har ana zargin ƙari da gaske, gara a tura mutum inda likitan ƙashi da mai karanta hoto da mai duba samfur za su haɗa kai, irin asibitin ƙashi na Dala a Kano ko manyan asibitocin koyarwa, kafin kowa ya sa wuƙa.

Maganar masu ɗori kuma ni ba na cikin masu zaginsu, suna kusa da mutane, da sauƙin kuɗi, kuma karaya da yawa tana haɗewa a hannunsu. Inda ake samun matsala shi ne yawan kwancewa ana murzawa ana sake ɗaurewa, wanda shi ne ainihin motsin da yake haifar da ƙafar giwa, da ɗaurin da ya yi tsanani har jini ya yanke, da kuma karayar da tun asali ba ta ɗori ba ce, kamar ta ƙasusuwan sangali biyu a babba ko wadda ta shiga gaɓa. Amma laifin da ya fi ci min rai namu ne mu ma'aikatan asibiti, mutum ya ce ya je ɗori a hau shi da faɗa a gaban jama'a, gobe wani ya zo ya ɓoye, kuma abin da ya ɓoye ɗin shi ne rabin amsar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sai an ba mutum fuskar da zai faɗa. Don Allah duk wanda zai je a duba masa irin wannan ƙullutun ya faɗi komai, yaushe ya faɗi, ta yaya, sati nawa aka yi da ɗauri, an sa karare ko filasta, ya taɓa fitar da ruwa ko a'a, kuma ya zo da duk tsohon hoton da yake da shi ko da ya yi ƙura, don hoto biyu masu tazarar wata shida sun fi sabon hoto ɗaya faɗin gaskiya komai kyansa. In ana tsoron ya lalace a ɗaga shi a jikin taga da rana a ɗauka da waya yadda kwanan watan zai fito.

Shi ɗan acaɓan nan da likitan ƙashi ya ga hotunan biyu ya taɓa hannun, bai ma nemi a yanki samfur ba, gwajin jini ya tura su don a tabbatar babu ƙwayar cuta, sannan ya yi wa uban bayani cewa ƙashin yana da rai kuma yana son haɗewa, riƙo ne kawai ya rasa. Aka yi masa tiyata aka matse ɓangarorin biyu da faffaɗan ƙarfe da kusoshi, ba a ma buƙaci ɗebo ƙashi daga ƙugunsa ba kamar yadda ake yi wa nau'in da ya tsotse. Bayan wata huɗu suka dawo ɗakina, na ɗora sabon hoton kusa da tsohon a kan fitila, layin ya cike, dunƙulen ma ya fara raguwa, Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallo yana bin wurin da yatsa, sannan ya ce a ba shi tsohon ma zai haɗa su ya ajiye.